Wata Bakwai Muna Zaman Otal a Amurka: Mu Koma Mai Tsada Ko Mu Haƙura?

Assalamu alaikum Anti. Ni 'yar Maraɗi ce, yanzu muna zaune a gefen birnin Atlanta, jihar Jojiya. Ta cacar biza muka shigo, ni da maigidana da yaranmu biyu, namiji ɗan shekara 8 da mace 'yar shekara 4, kuma ina ɗauke da juna biyu na wata biyar. Da muka sauka wani ɗan garinmu ya riƙe mu sati uku, daga nan muka kama ɗaki a irin otal ɗin nan da ake biya mako-mako, da niyyar mu yi wata ɗaya. Yau watanmu bakwai. Dala 430 muke biya duk Juma'a. Ɗaki ɗaya ne, gado biyu, firji, da murhun lantarki mai kai biyu. Kyankyasai sun dame mu, bangon banɗaki ya yi baƙi, yarona kullum tari da dare, ga hayaniya da faɗa a baranda har 'yan sanda su zo. Maigida yana aiki a wani sito, da yamma kuma yana kai saƙon abinci da mota, abin da ke shigowa a wata bai wuce dala 3,600 ba. Gidan haya uku muka nema duk suka ƙi mu, wai ba mu da kiredit, wato tarihin cin bashi da biyansa a ƙasar nan, kuma sai albashi ya ninka kuɗin haya sau uku. Na ga wani otal mai babban suna da ake biyan dala 520 a mako, ina so mu koma can, shi kuwa ya ce mu haƙura. Duk wata yana tura dala 400 gida, a can sun ɗauka a gidan kanmu muke, kuma ya hana ni faɗa wa kowa halin da muke ciki, ko a masallaci. Anti, yaya zan yi?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Sannu da ɗawainiya. Mace da tsohon ciki na tafe, ga yara biyu, a ɗakin da shi ne falo, shi ne madafi, shi ne wurin sallah, ba sai kin yi mini bayanin gajiyarki ba. Na san irin ɗakin, don na taɓa yin sati shida a cikinsa a wata jiha daban, kuma har yau ina tuna warin tsohuwar taba da ya kama labule, ga shi ba damar kunna turaren wuta saboda na'urar jin hayaƙi da ke manne a silin.

Shawarata ita ce kada ku koma otal mai dala 520, sai fa in wani abu guda ya tabbata, wanda zan zo kansa a gaba. Amma kuma irin haƙurin da maigidanki yake nufi, wato a zauna ba ranar tashi, ban goyi bayansa ba ko kaɗan. Ku biyun kuna ja-in-ja a kan wane otal za a zauna, alhali abin da ya kamata ku sa a gaba shi ne ranar da za ku fita daga otal gaba ɗaya.

Ɗauko biro mu yi lissafi. Dala 430 sau mako 52 ta kama dala 22,360 a shekara, wato kusan 1,863 a kowane wata. A mako talatin ɗin da kuka yi kun zuba dala 12,900 a ɗakin nan. In aka cire kuɗin ɗaki da 400 ɗin da ake turawa gida daga cikin 3,600, abin da ya rage bai kai 1,340 ba, kuma a ciki za a ci abinci, a sha mai, a biya inshorar mota da kuɗin waya. Kin ga dalilin da wata ɗaya ya zama bakwai. Biyan mako-mako yana da sauƙin shiga, ba a tambayar kiredit, ba a neman kuɗin ajiya mai nauyi, wuta da ruwa da intanet duk suna ciki. Sai dai duk Juma'a yana lashe ainihin kuɗin da za a tara a kama gida. In kuka ƙara dala 90 a kansa kowane mako, a wata uku kun rasa fiye da dala 1,000, kuma har yanzu ɗaki ɗaya ne da murhu mai kai biyu. Tsugune ba ta ƙare ba ke nan, an sayar da biri an sayi kare.

Akwai kuma wata asara da mutane da yawa ba su sani ba. A Jojiya, jiha tana karɓar dala 5 a kowane dare a kan ɗakin otal, amma wannan kuɗi yana tsayawa in mutum ya wuce kwana 30 a jere a wuri guda. Harajin otal na gari ko na gunduma shi ma na kwana 30 ɗin farko ne, harajin saye kuwa ba ya hawa kan ɗakin da aka zauna kwana 90 a jere ko fiye. Ku da kuka yi wata bakwai kun wuce duk waɗannan. Ranar da kuka tattara kaya kuka koma wani otal, ƙidayar daga farko za ta soma. Saboda haka yau ɗin nan ki fito da rasit ɗin makon jiya ki duba layi-layi. In har yanzu ana cire muku haraji ko dala biyar ɗin nan, maigida ya je wurin manaja cikin lumana ya nemi a daina, ya kuma tambayi yadda za a yi da abin da aka karɓa fiye da ƙa'ida. In sun taɓa cewa ku fita na dare ɗaya ku dawo, ko su rufe lissafinku su buɗe sabo, ki rubuta ranakun ki ajiye.

Game da babban sunan da ya ja hankalinki, bari in faɗa miki yadda sana'ar take. Irin wannan masauki ya samo asali ne tun 1975, lokacin da wani ɗan kasuwa mai suna Jack DeBoer ya buɗe Residence Inn a birnin Wichita na jihar Kansas, don ma'aikatan da kamfani ke turawa wani gari na 'yan makonni. Daga baya aka fito da masu rahusa, kamar Extended Stay America da aka kafa a 1995, wanda kamfanonin Blackstone da Starwood suka saya a 2021 a kan kusan dala biliyan 6. Rahusar daga rage ma'aikata take fitowa: ba gidan cin abinci, mai shara sai mako-mako ko bayan mako biyu, wani wurin ma da dare ba kowa a kanta. An tsara ɗakin ne don mutum ɗaya ko biyu masu fita da safe su dawo da dare, ba don iyali mai girki sau uku da wanka da wanki ba. Sannan da yawa daga cikin otal-otal ɗin nan sunan kawai aka ara, mai ginin daban ne. Shi ya sa za ki ga biyu masu suna ɗaya, ɗaya fes, ɗaya ba ya shiguwa. Abin da ke raba su shi ne manajan da ke wurin, da shekarun ginin, da irin mutanen da ake bari su kama ɗaki.

Yanzu tarin yaronki, wanda shi ya fi tsaya mini a rai. Kyankyaso da funfuna duk suna tayar da tari da asma ga yara, don haka a kai shi wurin likita cikin makon nan, ki kuma gaya wa likitan gaskiyar inda kuke kwana. In ya ba ku takarda, da ita za ku nemi a canja muku ɗaki a cikin otal ɗin, wanda ba ya jin laima, kuma a bar lissafinku yadda yake kada a buɗe sabo. Kafin nan, je ki wurin na'urar sanyi da zafi da ke ƙarƙashin taga. A samanta ko a gabanta akwai wasu rariya guda biyu da ake zarowa da hannu. Ranar da na zaro na ɗakina, ƙurar da ke jiki ta yi kauri kamar bargo, toka-toka, har da gashi, kuma ita muke shaƙa dare da rana. Ki wanke su da ruwa da sabulu, su bushe sarai, ki mayar, ki riƙa yin haka duk sati biyu. Banɗakin kuma, ki lura da cewa daɓensu ba shi da maguɗana irin namu na gida. Ruwan buta da na alwala in ya zuba ƙasa, ƙarƙashin leda ko tayil yake shigewa ya kwanta, daga nan bango ya fara baƙi. Ku riƙa alwala a cikin bahon wanka, a goge ƙasa nan take, a bar fankar banɗaki tana aiki bayan wanka. Garin masara da shinkafa da sukari su koma cikin robobi masu murfi, kwanuka kada su kwana ba wanki, shara ta fita kafin barci. Kada ki yi feshin maganin ƙwari a ɗakin da ba ya samun iska, ga ciki ga yara. Irin wanda ake ajiyewa a lungu cikin 'yar roba rufaffiya ya fi, a inda hannun ƙaramar ba zai kai ba. Ki kuma ɗaga zanin gado ki duba ɗinkin katifa. In kin ga ɗigo-ɗigo baƙi kamar na tawada, kuɗin cizo ne, sai a zuba kayan sawa da na shimfiɗa a injin busar da kaya a kan zafi mafi ƙarfi na aƙalla rabin awa.

Ina roƙonki da Allah, komai ƙarar da na'urar hayaƙi za ta yi in kina soya albasa, kada ki ɗaure ta da leda, kada a cire mata batir. Na ga matan da ke yin haka. Ku huɗu kuke kwana taku uku daga murhu, kuma ƙofa ɗaya ce.

Duk ƙorafin da za ku kai wa manaja ya zama a rubuce, da kwanan wata da hoto. In an yi biris da ku, ofishin lafiya na gundumarku shi ke ba otal-otal izini a Jojiya, shi ke zuwa duba su, kuma ana kai masa ƙara a kan ƙwari da ƙazanta. Ga wani abin da ya kamata maigidanki ya sani: mai haya da baƙon otal ba matsayinsu ɗaya ba a doka. Mai haya ba a fitar da shi sai ta hanyar kotu, baƙon otal kuwa in bai biya ba yana iya dawowa ya tarar makullin ƙofarsa ya daina aiki. Wasu mazauna irin otal ɗinku sun kai ƙara a kan wannan, maganar ta je har Kotun Ƙolin Jojiya a 2023. Kotun ba ta ce duk mai zaman otal ɗan haya ne ba, ta ce a duba yarjejeniyar da ke tsakani da yadda ɓangarorin biyu suka yi mu'amala. Don haka rasit ɗinku dukiya ne, kada ko ɗaya ya ɓata. In wata rana aka yi barazanar kulle muku ɗaki, ku kira Atlanta Legal Aid, lauyoyi ne da ke taimakon masu ƙaramin ƙarfi ba tare da kuɗi ba.

Abu gudan da na ce zai sa in ce ku tashi shi ne tsaro. Hayaniya daban, haɗari daban. In kin ga ana cinikin ƙwaya a barandarku, ko an taɓa harbi, ko wani yana ƙwanƙwasa muku ƙofa da dare sa'ad da maigida ba ya nan, ko makullin ƙofa ba ya kamawa kuma an ƙi gyarawa, to ku tashi ko da asara, rai ya fi dala. Amma kada ku zaɓi wuri daga hoton intanet. Maigida ya je da ƙarfe goman dare ranar Juma'a ko Asabar, ya zauna cikin mota na kwata ɗaya ya ga masu shige da fice. Otal ɗin da ake shiga ɗakunansa ta cikin gini ya fi kwanciyar hankali ga mai yara a kan wanda ƙofofinsa ke kallon wurin ajiye motoci. Kuma ya ce a nuna masa ainihin ɗakin da za a ba ku kafin ya biya.

Yaronki ɗan makaranta yana da haƙƙin da wataƙila ba a faɗa miki ba. Akwai dokar tarayya ta 1987 da ake kira McKinney-Vento, wadda ta haɗa da yaran da iyayensu ke zaune a otal don rashin samun gida. A ƙarƙashinta yaro yana iya ci gaba da makarantarsa ko kun sauya unguwa, a taimaka masa da abin hawa, ya ci abincin makaranta kyauta. Kowace hukumar makarantu tana da jami'in da aikinsa ke nan. Na san kalmar da za su rubuta a takarda, wato marasa matsuguni, za ta yi wa maigidanki ɗaci. Ya daure, jami'an nan galibi sun fi kowa sanin ƙungiyoyin da ke biya wa iyali kuɗin shiga gida. Haka lambar waya 211, wadda ƙungiyar agaji ta United Way ke kula da ita a Atlanta. Ki kira ki ce kuna otal, kuna da aiki, kuɗin shiga gida ne ya gagara. Akwai shirye-shiryen da aka yi musamman don fitar da iyalai daga otal zuwa gidan haya, kuma mai aikin yi kamar mijinki suke nema, don shi zai iya riƙe hayar bayan an shigar da shi. Ke kuma ki yi rajistar WIC, tallafin abinci ne ga masu ciki da yara 'yan ƙasa da shekara biyar.

Batun ƙin da aka yi muku sau uku, kada ku sake biyan kuɗin cike takarda sai kun tambayi sharuɗɗansu tukuna, don ba a mayar da shi. Ninki ukun nan yawanci da albashi kafin a cire haraji ake lissafa shi, to ki duba ko 3,600 ɗin abin da ke faɗowa asusu ne kawai, wataƙila ainihin adadin ya fi haka. Kuɗin kai saƙon abinci ma a nuna shi da takardar banki. In dai 3,600 ɗin ne, gidan da bai wuce dala 1,200 ba za ku nema, ko ku samu wanda zai tsaya muku. Ku roƙi otal ya buga muku takardar duk abin da kuka biya tun ranar farko. Mutumin da ya biya kusan 1,900 duk wata har wata bakwai ba fashi yana da hujja a hannu, kuma masu gida ɗaya ko biyu da ke ba da haya da kansu sun fi manyan kamfanoni sauraron irin wannan. Tun Yulin 2024 dokar Jojiya ta hana karɓar kuɗin ajiya fiye da hayar wata biyu, ki riƙe wannan. Kada kuma ku tura wa kowa ko sisi a kan gidan da kuka gani a Facebook sai kun shiga cikinsa da ƙafarku, masu damfara sun san mazauna otal a matse suke.

To ƙanwata, duk wannan da na lissafa ba zai tafi ba sai an taɓa wurin da ke ciwo. Mijinki ba mugu ba ne. Mutum ne da aka yi wa rakiya da addu'a, dangi suka sa masa ido, yanzu yana jin nauyin a ce ɗan Amurka a otal yake kwana da iyalinsa. Aiki biyu yake yi, ya dawo ya tarar da ɗaki ɗaya, kuma na tabbata abin yana cin sa fiye da yadda yake nuna miki. Amma wannan ɓoyon shi ya tsare ku wata bakwai. Abu biyu kuke buƙata, kuɗin shiga gida da mai tsaya muku, kuma dukansu a hannun mutane suke. Mutanenmu da suka daɗe a ƙasar nan da yawansu ta irin wannan ɗaki suka bi, ko suka kwana a falon wani. Akwai mai kiredit mai kyau da zai sa hannu, akwai wanda ya san mai gidan da ba ya tsanantawa, akwai adashin da za a ba ku ɗaukar farko, masallatai da dama kuma suna da kwamitin zakka. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ba cewa na yi a yi shela ba. Mutum biyu sun isa: liman, da dattijo ɗaya mai riƙe sirri.

Kuɗin da ake turawa gida kuma, ban ce a yanke wa tsohuwa abincinta ko maganinta ba, Allah ya kiyaye. Amma da wuya a ce duk 400 ɗin nata ne. Ya kira babban wansa ko wanda yake jin maganarsa, ya faɗa masa gaskiya, cewa na wata huɗu abin da zai zo rabi ne, don a samu a kama gida kafin haihuwa. Ciyar da ku da ba ku matsuguni wajibi ne a kansa, kuma duk malamin da ya tambaya haka zai faɗa masa. Dala 200 sau huɗu 800 ce. In aka haɗa da ɗaukar adashi da abin da ƙungiya ko masallaci za su taimaka da shi, kuɗin shiga gida ya kusa haɗuwa.

Yadda za ki kawo maganar yana da muhimmanci. Kada ki tare shi a bakin ƙofa ya dawo a gajiye, kada kuma a gaban yara. Ki bari ranar hutunsa, ya ci ya ƙoshi, ki fara da cewa kin janye maganar otal mai tsada, kin ga gaskiyarsa a nan. Wannan kaɗai zai sauke masa rabin nauyi. Sannan ki ajiye masa takardar lissafin ki ce, "Baban yara, ga abin da muka biya a nan, ga watan haihuwata, ina za mu ajiye gadon jariri?" Jariri yana buƙatar shimfiɗarsa daban, ba tsakanin manya ba, kuma otal da yawa suna da iyakar mutanen da za su kwana a ɗaki ɗaya, in kun zama biyar maganar na iya canjawa. Kuna da wata huɗu. Ku sa rana a ƙarshen wata na uku, ku rubuta ta ku manna a jikin firji. In ya ƙi sam, ki nemi izininsa ke ki yi magana da matar liman, sau da yawa namiji yakan yarda a faɗa in dai ba daga bakinsa za ta fito ba.

Ki sake rubuto mini bayan kin duba rasit ɗin, ki kuma gaya mini abin da likita ya ce game da yaron. Allah ya ba shi lafiya, ya sauke ki lafiya.